Yadda Ake Zana Gudanar Jini Daga Lissafin Kwamfuta Ta Yadda Likita Zai Gane

Duk wanda ya taɓa buɗe sakamakon kwaikwayon gudanar jini a kwamfuta karo na farko ya san abin da ke tarar sa a kan allo: dubban layuka masu launin bakan gizo, sun harɗe da juna kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi, an kuma lulluɓe su da wata fata mai sheƙi wadda ake cewa ita ce jijiyar. Lissafin yana iya zama daidai ƙwarai, amma likitan da aka yi aikin dominsa zai duba hoton ya ce yana da kyau, sannan ya koma ga hotunansa na asibiti ba tare da ya ƙaru da komai ba. Dalili kuwa shi ne kwamfuta tana fitar da duk abin da ta lissafa ba tare da fifita wani a kan wani ba, alhali masu zanen likitanci tun da can sun san cewa rabin aikinsu shi ne yanke shawarar abin da za a bari a waje. Wannan jagora zai bi matakan aron dabarunsu, kuma misalin da za a riƙe har ƙarshe shi ne kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, wato aniyurizim, wanda bangon jijiya ke yin rauni ya bulluƙo kamar ƙaramar jaka. Kimanin kashi 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan kumburi, yawancinsu ba su sani ba, kuma fashewarsa na jawo zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa.

Hanyar tana da tsohon tarihi. Wajen shekarar 1513 Leonardo da Vinci ya zuba kakin zuma a cikin zuciyar sa domin ya sami siffar tushen babbar jijiya, ya bayyana yadda za a ƙera kwatankwacinta da gilashi, a tura ruwa mai ɗauke da ƙwayoyin irin ciyawa a ciki domin a ga yadda suke juyawa. Ya zana ƙananan guguwoyi a bayan marufin jijiyar, ya ce su ne ke taimaka masa ya rufe, kuma sai a 1968 gwajin Brian Bellhouse a Jami'ar Oxford ya tabbatar da hakan. Abin lura ga mai zane shi ne ƙarancin layukan da Leonardo ya yi amfani da su. Bai zana kowace ƙwayar iri ba, ya zana hanyar da suka fi bi.

Kafin ka taɓa wata manhaja, ka zauna da likitan ku rubuta tambaya guda ɗaya a jimla guda. A kumburin ƙwaƙwalwa tambayar kan zama ɗaya daga cikin waɗannan: ta wane gefen wuyan jakar jini ke shiga, a ina ƙarfin shigar ke dukan bango, guguwa nawa ke juyawa a ciki, ko kuwa yaya gudun ya ragu bayan an sa ragar ƙarfe mai karkatar da jini. Kowace tambaya da hotonta. Wanda ya nemi amsa huɗu a hoto guda zai koma ga harɗaɗɗen zaren da aka fara da shi.

Daga nan sai ka san asalin lambobin da za ka zana, ko da ba kai ne ka yi lissafin ba. Ana ɗaukar siffar jijiyar daga hoton CT ko MRI ko hoton da ake ɗauka bayan an saka sinadari a jini, a ware ta daga sauran nama da manhaja irin su 3D Slicer ko ITK-SNAP, a cika cikinta da raga mai ƙananan gidaje waɗanda sukan kai miliyoyi, sannan manhaja kamar SimVascular ko OpenFOAM ta warware lissafin Navier da Stokes, wato lissafin motsin ruwa, a kowane gida. Yawanci ana ɗaukar nauyin jini a matsayin kilogiram 1060 a kowace kubik mita, kaurinsa kuma kusan 0.0035 na faskal-sakan, ana kuma ɗauka cewa bangon jijiya ba ya motsi, abin da ba haka yake a jikin mutum ba. Bugun zuciya ɗaya yana ɗaukar kusan sakan 0.8 idan tana bugawa sau 75 a minti, kuma an saba a lissafa bugu biyu ko uku a jefar da na farko, domin shi yana ɗauke da tasirin yadda aka fara lissafin. Ka tambayi wanda ya yi aikin daga wane bugu aka ba ka sakamakon, kuma ko saurin jinin da aka shigar an auna shi a jikin wannan majiyyaci ne ko an ɗauko shi daga matsakaicin mutane. Akwai kuma wani tarko tun a matakin ware jijiya: yawan goge siffar domin ta yi santsi yana iya faɗaɗa wuyan jakar, kuma wuya mai faɗi yana canja yadda jini ke shiga gaba ɗaya. Saboda haka idan kana son santsi domin kyan zane, ka yi shi a kan kwafin da za a nuna, kuma ka tabbatar bai kauce daga siffar da aka yi lissafi da ita ba har layukan gudu su fara leƙowa ta bango.

Bangon jijiya shi ne abu na farko da za ka zana, kuma shi ne ya fi ba da wahala, domin dole ne a gan shi kuma dole ne a ga abin da ke cikinsa. Abin da kowa ke fara yi shi ne rage duhun bangon baki ɗaya zuwa rabi, sai a sami hoto mai hazo wanda ba a gane siffar jakar ba, ba a kuma gane launin layukan ba. Masu zane da alƙalami ba sa yin haka. Suna zana gefen abu da layi mai ƙarfi, su bar tsakiyarsa fili. Ana kwaikwayon wannan ta hanyar ɗaure duhun bangon da kusurwar kallo: inda bangon ke fuskantar mai kallo kai tsaye ya zama garau kamar gilashi, inda ya lanƙwasa zuwa gefe ya yi kauri. Rukunin Bernhard Preim a Jami'ar Magdeburg ta Jamus sun yi amfani da wannan dabara a kan kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa a 2010, kuma a manhajar zane ta Blender ana samun ta da kullin Fresnel ko Layer Weight idan aka haɗa shi da duhun fata. Ka raba bangon gida biyu: na baya ya kasance a rufe, mai launi mara ƙarfi, domin layuka su sami abin da za su kwanta a kai, na gaba kuma shi ne za a buɗe. Sai ka ƙara baƙin layi siriri a kewayen siffar da Freestyle ko Line Art, ka ƙara masa kauri kaɗan a sassan da ke kusa da mai kallo.

Game da inuwar bangon, ka guji irin hasken da ke sa gefen da ba ya samun fitila ya yi baƙi ƙirin, domin baƙin layi yana ɓacewa a ciki. A 1998 Amy Gooch da abokan aikinta a Jami'ar Utah ta Amurka suka tsara wata inuwa da suka koya daga masu zanen injuna, inda gefen haske ke karkata zuwa rawaya, gefen inuwa kuma zuwa shuɗi, a bar baƙi domin layukan gefe kawai, fari kuma domin ƙyalli. Tana aiki sosai a kan jijiyoyi, da sharaɗin a rage ƙarfin launin har ya kusa zama toka, don kada mai kallo ya ɗauka launin bangon ma wani ma'auni ne.

Yanzu sai layukan gudu, kuma a nan ne ya kamata a daɗe. Layi iri biyu ne, kuma rikita su kuskure ne na ilimi ba na ado ba. Na farko yana nuna inda jini ya dosa a wani lokaci guda da aka daskarar, kamar hoton tsaye. A ParaView, manhajar duba sakamakon lissafi, ana samun sa da Stream Tracer. Na biyu yana bin ƙwayar jini ɗaya yayin da lokaci ke tafiya, ya zana ainihin hanyar da ta bi; wannan na buƙatar Particle Tracer da dukan matakan lokaci. Da a ce jini na gudu da sauri ɗaya kullum, da layukan biyu sun zama abu guda, amma zuciya na matsawa tana saki, don haka guguwar da aka gani a layin farko tana iya watsewa kafin wata ƙwayar jini ta kammala zagaye ɗaya a cikinta. Idan tambayar likita ita ce inda jini ke dukan bango a ƙololuwar bugu, layin farko ya isa. Idan kuwa yana son sanin tsawon lokacin da jini ke makalewa a jakar, abin da ke da alaƙa da daskarewarsa, to sai na biyu.

Inda ka shuka layukan shi ke yanke hukuncin abin da hoton zai faɗa. Idan ka shuka su a mashigar babbar jijiya, mafi yawansu za su wuce ta gaban jakar ba tare da sun leƙa ba, su cika hoton da abin da ba a tambaya ba. Ka yanka fili a daidai wuyan jakar, ka zaɓi ɓangaren da jini ke shiga, ka shuka a can, ka bar layukan su tafi gaba zuwa cikin jakar su kuma koma baya kaɗan zuwa jijiyar da suka fito, domin a ga asalinsu. Ka fara da layuka dubu ko fiye don idonka ya koyi tsarin gudun, ka juya siffar ta kowace fuska har ka iya zana shi da fensir a takarda ba tare da kallon allo ba. Ni a ganina wannan zanen fensir shi ne mataki mafi amfani a aikin duka, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Bayan haka sai ragewa. Ana iya tara layuka masu kama da juna rukuni-rukuni a zaɓi wakili ɗaya daga kowanne, kamar yadda Steffen Oeltze da abokansa suka yi a Magdeburg a 2014, ana kuma iya yi da hannu. Layuka goma zuwa ashirin sukan wadatar, amma a kiyaye kada a jefar da ƙaramin rukuni saboda ƙanƙantarsa kawai, domin sau da yawa 'yar guguwar da ke cikin wani ƙaramin tsiro a saman jakar ita ce abin da likita ya fi damuwa da shi. Faɗin kowane layi yana iya nuna yawan layukan da yake wakilta, ta yadda babbar hanyar jini za ta fito kamar ƙyalle mai faɗi, ƙananan rassa kuma kamar zare.

Da zarar layuka sun ragu, sai matsalar wanne ke sama wanne ke ƙasa. Maganinta yana nan a dagin Arewa da ake yi wa riguna da bangon gidaje ado da shi: inda igiya ɗaya ta haye wata, ana katse ta ƙasan kaɗan ta kowane gefe, ido kuma nan take ya gane wadda ta hau. A zanen kwamfuta ana yi wa kowane layi farin kewaye wanda ke share abin da ke bayansa. Maarten Everts da abokan aikinsa a Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan sun inganta dabarar a 2009 ta yadda faɗin katsewar zai dogara da tazarar da ke tsakanin layukan biyu: masu tafiya tare kafaɗa da kafaɗa ba sa katse juna, sai su haɗu su zama dami ɗaya, wanda kuma ya wuce can nesa a baya ana katse shi sosai. Wanda ba shi da manhajar da ke yin wannan zai iya kusantarsa ta hanyar mayar da layukan bututu da Tube a ParaView, ya fitar da su zuwa Blender, ya sa musu farin gefe mai kauri. Layukan da ke nesa kuma a rage musu kauri da ƙarfin launi, kamar yadda dutsen da ke nesa ke dusashewa a lokacin hunturu.

Layi ba ya faɗin inda ya dosa sai an nuna. Kibiya ɗaya ko biyu a kan kowane layi ta isa, a sa ta inda layin ya miƙe kuma ba abin da ya rufe ta. Wata hanyar ita ce a sa layin ya fara siriri ya yi kauri zuwa gaba, kamar tauraruwa mai wutsiya. Idan hoton baƙi da fari ne za a buga, ana iya nuna sauri da tsawon gutsattsarin layi, dogaye inda jini ke gudu, gajeru inda ya lafa.

Sai launi, wanda a kansa ne aka fi yin ɓarna. Jerin launukan bakan gizo ba shi da tsari da ido ke ganewa ba tare da duba ma'auni ba, haskensa ba ya hawa daki-daki, kuma yana ƙirƙiro iyakoki a tsakanin rawaya da kore inda lambobin ba su da wata iyaka. A 2011 Michelle Borkin da abokan aikinta a Harvard sun gwada ɗaliban likitanci a kan gano wuraren haɗari a jijiyoyin zuciya: da hoton 3D da launin bakan gizo sun gano kusan kashi 39 cikin 100, da shimfiɗaɗɗen zane da launi mai tsari kuma kusan kashi 91. Ga saurin jini, wanda ke tashi daga sifili zuwa sama, ka yi amfani da jeri mai tafiya daga haske zuwa duhu, irin su viridis ko launi ɗaya tak. Ga abin da ke da tsakiya mai ma'ana, kamar shiga da fita a wuyan jaka, ka ɗauki jeri mai ɓangare biyu irin Cool to Warm na Kenneth Moreland. A nan akwai abin kiyayewa da injiniya ba lallai ya sani ba: ja da shuɗi suna da ma'ana tun tuni a idon likita. A zanen sassan jiki ja na nufin jijiyar da ke fita daga zuciya, shuɗi kuma mai komawa, a na'urar Doppler mai duba gudun jini da sauti kuwa ja na nufin jinin da ke tahowa wajen na'urar, shuɗi mai tafiya. Idan ka ba su ma'ana ta uku, ka rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin hoton, ko ka koma ga ruwan lemo da shunayya. Kada kuma ka jingina bambanci mai muhimmanci a kan ja da kore, domin akwai maza da yawa da ba sa rarrabe su.

Ƙarfin gogar jini a bango shi ne ma'aunin da aka fi nema bayan sauri. A lafiyayyun jijiyoyi an saba ambata faskal (ma'aunin matsi) 1 zuwa 7, ƙasa da 0.4 kuma ana danganta shi da taruwar kitse a bango. A cikin jakar kumburi lambobin sukan bambanta ninki goma ko ɗari daga wuri zuwa wuri, don haka ma'auni mai hawa ninki-ninki ya fi dacewa da mai hawa ɗaya-ɗaya. Kada ka shafa shi a bangon hoton da ke ɗauke da layuka masu launi, domin jerin launi biyu a hoto guda suna kashe juna. Ko dai ka ware masa hoto na biyu daga kusurwa ɗaya, ko ka nuna wurin da ake magana a kai kawai da ɗige-ɗige ko ƙananan layuka jere, irin inuwar da masu zanen alƙalami ke yi, sauran bangon a bar shi fili. Akwai kuma batun amana: masu bincike sun danganta girma da fashewar kumburi da gogar da ta yi yawa, sun kuma danganta su da wadda ta yi ƙaranci, kuma muhawarar ba ta ƙare ba. Mai zanen da ya shafa wa gefe ɗaya jan launi mai firgitarwa ya yanke hukuncin da likitoci ba su yanke ba.

Domin nuna lokaci a takarda, ka jera ƙananan hotuna huɗu ko biyar daga kusurwa ɗaya: farkon matsawar zuciya, ƙololuwa, lokacin da gudu ke raguwa, da ƙarshen saki. A ƙarƙashin kowanne ka sa ƙaramin zanen igiyar bugun da ɗigo a inda ake. Iyakar launi ta zama ɗaya a dukansu, haka nan a hoton kafin aiki da na bayan aiki. ParaView na iya sake daidaita iyakar da kanta idan ba a kulle ta ba, sai jinin da saurinsa ya ragu da rabi ya fito da launi iri ɗaya da na farko, amfanin ragar ƙarfen ya ɓace daga hoton. Idan hoto mai motsi ne, ka rubuta sau nawa aka rage saurinsa.

Kammalawa a Inkscape ake yi, ko wata manhaja mai kama da ita. Ka fitar da bango da layuka da kibiyoyi a matsayin shimfiɗu daban-daban, ka yi amfani da kyamarar da ba ta ƙanƙantar da abin da ke nesa domin sandar ma'aunin milimita ta yi daidai a ko'ina. An yarda ka goge layin da ya rufe wani, ka ƙara kaurin gefe, ka matsar da rubutu. Ba a yarda ka lanƙwasa layin gudu da hannu domin ya fi kyau ba, kuma duk kibiyar da ka zana da kanka a matsayin taƙaitawa ka ba ta siffar da ta bambanta da ta lissafi. Sunayen jijiyoyi a rubuta su kusa da su da siririn layi mai nuni, a kuma sa ɗan ƙaramin zanen kai a kusurwa domin a san ta ina ake kallo. Kafin fayil ya bar hannunka ka cire sunan majiyyaci da lambarsa daga bayanan DICOM, wato tsarin fayil ɗin hotunan asibiti, ka kuma tuna cewa ana iya sake gina fuskar mutum daga hoton kansa.

Sannan ka gwada. Ka buga hoton baƙi da fari, ka dube shi a allon waya, domin a can ne yawancin mutane za su gan shi. Ka miƙa shi ga likitan da bai san aikin ba, kada ka yi masa bayani, ka roƙe shi ya nuna da yatsa inda jini ke shiga da inda yake dukan bango. Idan ya yi jinkiri ko ya nuna wani wuri, ka koma ka rage layuka ko ka canja kusurwa, ka sake kawo masa. Bayanin da ke ƙarƙashin hoton kuma ya faɗi cewa wannan kwaikwayon kwamfuta ne, ya faɗi irin layin da aka zana da inda aka shuka shi, da adadin da aka nuna daga cikin adadin da aka lissafa, da lokacin bugun zuciya, da kuma ko an ɗauki bangon jijiyar a matsayin mara motsi.